Labaran Dodanni da Alloli Ba Na Yara Kaɗai Ba Ne

Mutane da yawa sun ɗauka duk littafin da ke cike da dodanni, aljanu da allolin mutanen da, abin rage dare ne na yara, ko mafakar wanda ya gaji da duniya. Wannan tsohon kuskure yana hana manya karanta abin da domin su aka rubuta shi.

Dubi labarin Gilgamesh, sarkin Uruk a ƙasar Iraƙi ta yau, wanda aka tono allunansa na yumɓu a kangon tsohon birnin Nineba wajen shekarun 1850. Gaskiya akwai dodo mai gadin daji a ciki, akwai bijimin sama. Amma ƙashin bayan labarin mutuwar amininsa Enkidu ce. Sarkin ya hana a binne gawar har sai da tsutsa ta faɗo daga hancinta. Tsoron mutuwa ya kama shi, ya bazama neman rai madawwami. Ya samo wani tsiro a ƙarƙashin teku mai mayar da tsoho yaro, ya tsaya wanka a hanya, maciji ya ɗauke tsiron.

Wane yaro ne zai gane nauyin wannan? Sai wanda ya taɓa rasa nasa.

Marubutan zamani masu aro daga irin waɗannan labarai gwajin da suke yi ke nan. Su ba mutum ƙarfin da babu mai tanka masa don a ga ainihin halinsa, ko su ba shi rai marar ƙarewa, mai karatu ya ga yadda yake zama bayan duk waɗanda ya sani sun mutu.