Aƙidar ƙasa-da-ƙasa a siyasa da harshe da gini

Aƙidar ƙasa-da-ƙasa, wadda Larabawa ke ce wa umamiyya, suna ɗaya ne mai ma'ana uku, ya danganta da wanda ya furta shi, ɗan siyasa ne ko masanin harshe ko mai zanen gini.

A siyasa ra'ayi ne na cewa kada iyaka ta hana al'ummomi haɗa kai. 'Yan gurguzu suka fi yayata shi, a 1864 aka kafa ƙungiyar ma'aikatan duniya a Landan da Karl Marx cikin jagororinta, ta biyu a Faris a 1889, sai ta uku, Kwamintan ta 'yan kwaminis, a Mosko a 1919 wadda aka rushe a 1943. Akwai kuma reshen gwamnatoci da ba ruwansa da gurguzu, shi ya haifi Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945. Hatta OIC, ƙungiyar haɗin kan ƙasashen Musulmi da aka kafa a 1969, mai hedikwata nan Jidda, irin wannan tunanin ne.

A harshe kuwa, kuma nan abin ya fi burge ni, ana nufin kalmar da ta shiga harsuna da yawa da kusan sauti ɗaya da ma'ana ɗaya. Tsaya bakin Harami lokacin Hajji ka kasa kunne, Bahaushe da Baturke da ɗan Indunusiya ba mai jin yaren wani amma da an ce taksi ko otal ko biza kowa ya gane. Wasu kalmomin ma sun riga Turawa yawo, sukari daga Indiya ya taso ya bi ta Farisanci da Larabci, ita kuma gahawa Larabci ce, ta bi ta bakin Turkawa ta koma kofi a Turai.

A gini salo ne da ya taso a Turai bayan yaƙin duniya na ɗaya, jagororinsa su ne masu zanen gini irin su Le Corbusier da Walter Gropius da Mies van der Rohe, sunan ya bazu ne bayan wani baje koli a New York a 1932. Ƙarfe da kankare da gilashi, rufi shimfiɗaɗɗe, ba ado ba zayyana. Gaskiya salon bai san zafin Hijaz ba, benen gilashi a Jidda in esi mai sanyaya ɗaki ya tsaya tanda ne. Gidajen tsohuwar unguwar Balad ta Jidda, da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2014, tagoginsu na katako ne masu huji-huji da ake kira rawashin, su tare rana su bar iskar teku ta shigo.