Tarbiyyar yara a Legas: ta yaya ake koya wa yaro tausayi?

Uba a Legas yakan bar gida bayan sallar asuba, ya nufi kasuwar Mile 12 ko mayankar Oko-Oba, ba zai dawo ba sai yara sun yi barci, saboda rabin ranarsa a cunkoson hanya take ƙarewa. Uwa na ɗaki ɗaya ko biyu a gidan haya, kaka da gwaggo kuma suna can arewa. Ga wasu tambayoyi da iyayen da ke cikin wannan hali suke yawan yi.

Shin tausayi koyarwa ake yi, ko da shi ake haihuwar yaro?

Duka biyun. Tun yana wajen shekara biyu za ka ga yaro ya tsaya yana kallon ɗan'uwansa da ke kuka, wani lokaci ma ya miƙa masa abin da ke hannunsa. Abin da ya rage wa iyaye shi ne su raya wannan hali ko su kashe shi. Kuma yaro da ido yake koyo fiye da kunne. Ya ga yadda Baba ya yi wa mai turin ruwa magana da aka zo biyan kuɗin jarka, ya ji abin da Umma ta ce bayan maƙwabciya ta juya baya. Darasin da zai riƙe ke nan, ba wa'azin da aka yi masa da dare ba.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, sai ya ce shi yana da 'ya'ya goma, bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya ce masa wanda ba ya jin ƙai, shi ma ba za a ji ƙansa ba. Mu Hausawa muna da kunyar ɗan fari da kawaici, kuma ba laifi ba ne, amma kawaici bai hana uba ya shafa kan ɗansa ya tambaye shi yadda ya wuni ba.

Legas gari ne na mayaudara. Idan na koya masa tausayi, ba zan mai da shi wawa ba?

Wannan tambayar ta fi kowace nauyi, kuma mai yinta yana da hujja. Akwai 'yan wan-cans da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, akwai mai tare ka da labarin ƙarya cewa kuɗin motarsa ya faɗi. Dole yaro ya san haka. Sai dai taka-tsantsan daban, bushewar zuciya daban. Ƙa'idar da za a ba yaro mai sauƙi ce: ba ka bin baƙo ko'ina, ba ka shiga motar da ba a sa ka ba, ba ka karɓar saƙon wanda ba ka sani ba. Idan ka ga mai neman taimako, ka zo ka faɗa wa babba.

Abin da ke ɓata yaro shi ne yadda muke ƙin bayarwa. Mabaraci ya matso jikin tagar motar haya ta danfo a Oshodi, uba ya daka masa tsawa, ya ƙara da "duk ɓarayi ne." Yaron da ke kan cinyarsa ya ji. Da cewa ya yi "Allah ya ba da haƙuri," da bai rasa ko sisi ba, kuma ya bi umarnin Suratud Duha da ta hana yi wa mai roƙo tsawa. Ranar da kake da abin bayarwa kuwa, sa wa yaron a hannunsa, ka ce ya miƙa da dama, ya kuma yi sallama. Wanda ke da hali ya ɗauki 'ya'yansa da azumi zuwa gidan marasa galihu na Oko-Baba a Ebute Metta, inda yawancin mazauna mutanenmu ne na arewa, su kai abinci da kansu, su gaisa da mutanen da Hausa.

Maƙwabtanmu Yarbawa ne da Ibo, wasu ma ba musulmi ba. Yaya zan yi da yarana?

Gidan haya mai banɗaki ɗaya da igiyar shanya ɗaya makaranta ce babba. Hadisin da ya ce Jibrilu bai gushe yana wasiyya da maƙwabci ba har Annabi ya zaci zai ba shi gado, bai ware ƙabila ba. A ranar Babbar Sallah, ɗora wa 'yarki kwanon nama ki ce, "Kai wa Iya ta ɗakin ƙarshe, ki durƙusa ki gaishe ta." Yarbawa suna ɗaukar gaisuwa da matuƙar girma, 'ya'yansu mata durƙusawa suke yi, don haka yarinyar da ta rusuna ta riga ta sayi zuciyar tsohuwar.

Yaran za su dawo wata rana suna kuka an yi musu ba'a a kan Hausancinsu. A lallashe su, a kai maganar gun iyayen wancan yaron cikin mutunci, amma kada a rama da zagin ƙabila gaba ɗaya. Waɗanda suka ga rikicin Mile 12 na watan Maris 2016, da ya kai ga asarar rayuka da rufe kasuwar, sun san inda irin wannan magana take kaiwa.

Muna da 'yar aiki da aka kawo daga ƙauye. Tana da alaƙa da tarbiyyar yarana?

Sosai ma. Idan ita ce ke cin ƙanzo a tsaye, ta kwana a kicin, yaran gida na kiranta "ke" alhali ta girme su, to an riga an koya musu cewa mara ƙarfi ba shi da daraja. A sa su ce mata Yaya ko Anti, ta ci abin da suka ci, a sa ta a makaranta. A kuma sani cewa dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, sannan jihar Legas tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2007.

Gaskiya da riƙon amana fa?

Daga bakin iyaye suke farawa. Abu Dawud ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi tana cewa ya zo ta ba shi wani abu, Annabi ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya ce da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Mu kuwa mai bin bashi na ƙwanƙwasa ƙofa, sai mu ce, "Je ka ce ba na nan." Ga kuma canjin aike: yaro ya dawo da naira hamsin da ta saura, a karɓa a yi masa godiya, ko da za a mayar masa ita kyauta.

Duka yana gyara hali?

Yana sa yaro ya daina abu a gabanka. Wanda ya mari ƙanwarsa aka zane shi, abin da ya fahimta shi ne babba na dukan ƙarami. Ya fi amfani a tsugunar da shi a ce, "Dubi fuskarta, ka ga abin da ka yi? Ɗebo ruwa ka wanke mata, ka ba ta haƙuri."

Ko in mayar da shi arewa ya samu tarbiyya?

Ya danganta da hannun da zai faɗa. Idan gun kakarsa ne ko kawunsa, inda za a ci da shi, a san inda ya kwana, to ɗa na kowa ne, kuma zai ƙaru da zumunci da harshe. Idan kuwa za a danƙa shi ne ga malamin da ke da ɗalibai da yawa ba tare da guzuri ba, ya riƙa yawon neman abinci, gara ya zauna a Islamiyyar unguwa a Agege ko Idi-Araba. Wanda ya yanke shawarar turawa, ya riƙa aika kuɗin abinci duk wata, ya kira yaron kansa a waya, ba mai riƙonsa kaɗai ba.