Kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da taimakon juna bayan mahaukaciyar guguwa a Amurka

Wannan wani ɓangare ne na aikin agaji da ya shafi hankali da zuciyar mutanen da mahaukaciyar guguwar teku ta rutsa da su. Wato bayan an tsamo mutum daga ruwa an ba shi bargo da abinci, sai kuma a dawo a duba yana iya barci kuwa, ya koma shaye-shaye ne, yaransa na firgita in hadari ya haɗu, maganin da yake sha kullum ya yanke ko yana nan. A Amurka ciwon damuwa da taɓin hankali da matsalar giya da ƙwaya duk a inuwa ɗaya ake saka su, kuma masu aikin sun haɗa da gwamnatin tarayya da jihohi da coci-coci da masallatai da maƙwabta da ba wanda ya ɗauke su aiki. Lokacin guguwa a tekun Atlantika yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, kuma da yawa daga cikin manyan guguwowin asalinsu iska ce da ke tasowa daga Afirka ta Yamma ta ƙetara teku tana ƙara ƙarfi.

Abin da Katrina ta nuna

Kusan duk tsarin da ake bi yanzu an gyara shi ne bayan guguwar Katrina, wadda ta afka wa jihar Louisiana ranar 29 ga Agusta 2005. Ganuwar da ke tare ruwa a birnin New Orleans ta fashe a wurare da dama, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, sama da mutum 1,300 suka mutu, sama da miliyan ɗaya kuma suka bar gidajensu a yankin gaɓar tekun, wasu aka kwashe su a bas zuwa Houston a jihar Texas da kayan jikinsu kawai. Toh a daidai lokacin da aka fi buƙatar likitocin ƙwaƙwalwa sai ya zama su ma ruwan ya kore su. Asibitin Charity, wanda tun 1736 shi ne asibitin talakan birnin kuma nan 'yan sanda ke kai mutum in hankalinsa ya gushe, an rufe shi bayan ambaliyar ba a sake buɗewa ba, sai a 2015 aka buɗe sabon asibitin da ya maye gurbinsa. Shekara goma kenan. A tsakanin nan masu taɓin hankali da yawa ɗakin gaggawa suke ƙarewa ko kuma kurkuku.

Wani ayarin masu bincike ƙarƙashin Ronald Kessler na jami'ar Harvard ya bi sawun mutum 1,043 da guguwar ta shafa. A farkon 2006 sun samu cewa masu matsanancin ciwon ƙwaƙwalwa sun kai kashi 11.3 cikin 100, alhali kafin guguwar kashi 6.1 ne a yankin. Amma abin da ya fi ɗaure kai shi ne zagaye na biyu. An saba ganin cewa in bala'i ya wuce mutane suna samun sauƙi sannu a hankali, nan kuwa sai abin ya juye, ciwon firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, wanda likitoci ke taƙaitawa da PTSD, ya tashi daga kashi 14.9 zuwa 20.9 bayan shekara guda, masu tunanin kashe kansu kuma daga kashi 2.8 zuwa 6.4. Dalili ba ɓoyayye ba ne: mutum na zaune a ƙaramin gidan wucin gadi da hukumar agajin gaggawa ta FEMA ta ba shi, daga baya ma a 2008 hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta tabbatar akwai sinadarin fomaldihaid mai cutar da lafiya da yawa a cikin irin waɗannan gidaje, kamfanin inshora na ja masa rai, kuɗin gyaran gida na shirin Road Home bai fito ba, in ma ya fito an lissafa shi ne da darajar gidan kafin guguwa wanda hakan ya ƙwari unguwannin baƙar fata, ga makarantar yara a rufe, ga maƙwabcin shekara talatin ya tafi wata jiha bai dawo ba. Ruwan 'yan makonni ya yi, jiran ne ya cinye mutane.

Masu aikin agaji suna da wani zane da suke koyarwa kan yadda zuciyar al'umma ke hawa da sauka. Kwanakin farko kowa jarumi ne, ana ceto ana raba abin da ake da shi. Sai makonnin da ake ji kamar komai zai gyaru tunda ga kyamarori ga manyan motocin kaya. Daga nan sai 'yan jarida su tattara su tafi, a shiga dogon lokacin gajiya da fushi da cizon yatsa, wanda zai iya kai shekara ko fiye, kuma duk ranar da shekara ta zagayo ko aka sanar da wata guguwar a rediyo sai mikin ya dawo ɗanye.

Shirin gwamnati

Babban shirin tarayya shi ne na ba da shawara lokacin bala'i, ana ce masa CCP, FEMA ke ba da kuɗin a ƙarƙashin dokar agajin bala'i ta Stafford ta 1988, hukumar SAMHSA mai kula da shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa kuma ita ke sa ido kan yadda ake yinsa. Sai shugaban ƙasa ya ayyana babban bala'i tukunna jiha za ta nema. Kashi biyu ne, na gaggawa mai kwana 60, da na bayansa mai wata 9. Kowace jiha da sunan da take raɗa masa: Louisiana Spirit bayan Katrina, Project Recovery a Mississippi, Project Hope a New York bayan guguwar Sandy ta 2012, Texans Recovering Together bayan Harvey a 2017.

Yadda ake aikin ya bambanta da zuwa asibiti. Ba a buɗe wa mutum fayil, ba a ce masa yana da cuta kaza, ba a karɓar ko sisi. Ma'aikatan galibi 'yan unguwa ne da aka horar, su bi gida gida, su tsaya a layin karɓar ruwa ko wurin cike takardun tallafi su ja mutum da hira, in sun ga abin ya fi ƙarfinsu su haɗa shi da likita. Hikimar ita ce mutum da yawa ba zai taɓa taka ƙafarsa zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba don kar a ce ya zautu, amma zai zauna a ƙofar gidansa ya amayar da abin da ke cikinsa ga wanda ya san unguwar. Inda shirin ke da rauni kuwa a bayyane yake, in ka haɗa kwana 60 da wata 9 ba su cika shekara ba sai dai a roƙi ƙari, kuma alƙaluman Katrina sun nuna lokacin ne ma ciwon ke ƙara nuna.

Hanyar da ake koya musu ana kiranta taimakon farko na zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta a 2011 da kalmomi uku: duba, saurara, haɗa. A da akwai al'adar tara waɗanda abin ya shafa a sa kowa ya ba da labarin abin da ya gani dalla dalla tun da zafinsa, yanzu an daina ba da shawarar yin haka don bincike bai nuna yana hana ciwo ba, wasu ma ƙara musu yake. Ba a tilasta wa kowa magana. In abin da ke damun tsohuwa shi ne ba ta san inda jikanta yake ba, toh maganinta waya ce da caji.

Akwai kuma masu shan magani kullum, su ne ake yawan mantawa. Mai karɓar maganin metadon don rabuwa da ƙwaya sau da yawa sai ya je asibitinsa kusan kowace rana, in ruwa ya ci asibitin kwana biyu kawai jikinsa zai fara karkarwa, an ga haka a Katrina an sake gani a New York lokacin Sandy da aka kwashe marasa lafiya daga asibitin Bellevue.

Abin da unguwa ke yi wa kanta

Nan ne labarin ya fi daɗin ji. A gabashin New Orleans akwai unguwar 'yan asalin Biyetnam da ke kewaye da cocin Mary Queen of Vietnam. Limamin cocin, Fada Vien Nguyen, ya bi mutanensa har sansanonin da aka warwatsa su a jihohi daban daban, cocin ya zama wurin kwana da abinci da neman a dawo da wuta, kuma unguwar tana cikin waɗanda suka fi saurin dawowa duk da ba masu kuɗi ba ne. A unguwar Algiers ta New Orleans kuma 'yan sa kai na ƙungiyar Common Ground, wadda Malik Rahim yana cikin waɗanda suka kafa ta, sun buɗe ƙaramin asibitin kyauta a cikin wani masallaci a watan Satumba 2005 tun kafin hukuma ta iso. Ba wanda ya kira wannan aikin lafiyar ƙwaƙwalwa, amma masanan da a 2007 suka fitar da ginshiƙai biyar na farfaɗowa bayan bala'i, wato aminci, kwanciyar hankali, jin cewa za ka iya taɓuka wani abu, zumunci da kuma fata, kusan abin da waɗannan mutane suka yi suka rubuta.

A tsibirin Puerto Rico da ke ƙarƙashin Amurka guguwar Maria ta sauka ranar 20 ga Satumba 2017, wasu wuraren sai da suka yi kusan wata 11 babu lantarki, binciken jami'ar George Washington ya ƙiyasta mutum 2,975 suka mutu a watannin da suka biyo baya. Layin wayar gwamnati na masu damuwa, Línea PAS, ya sha kira sosai. A garuruwa irin su Caguas mutane suka kafa cibiyoyin taimakon juna, a dafa tukunya ɗaya kowa ya ci, mai kuɗi ya bayar, mai shinkafa ya kawo, marar komai ya wanke kwanuka, ƙungiyar Casa Pueblo a garin Adjuntas kuma ta riƙa raba fitilun sola don tsofaffi su daina kwana cikin duhu.

Guguwar Helene ta 2024 ta nuna ba sai a bakin teku kake ba. Ta sauka a Florida ranar 26 ga Satumba amma mafi munin ɓarnarta a tsaunukan yammacin North Carolina ta yi, inda sama da mutum 100 suka mutu a jihar, birnin Asheville kuma sai a watan Nuwamba ruwan famfonsa ya koma na sha. Jihar ta yi amfani da shirinta na Hope4NC wajen tura masu ba da shawara. Ga wanda ba zai iya fita ba akwai layin tarayya na masu damuwar bala'i da SAMHSA ta buɗe a 2012, yana aiki dare da rana kyauta, sannan tun Yuli 2022 an ƙara lamba 988 ga duk wanda tunanin kashe kansa ya zo masa.