Kira ga makaɗa da mawaƙanmu masu kwana a hanya

A ƙasar Daura, da zarar lokacin bukukuwa ya kama, musamman bayan Sallah da kwanakin Gani, ƙananan ƙungiyoyin makaɗa ba sa samun zama. Yau suna Zango, gobe suna Mai'adua, jibi an kira su Kazaure ko sun ƙetara iyakar Kongolam zuwa Matamaye ta Jamhuriyar Nijar. Mutum takwas ko goma ne za su cusu a bas guda tare da fiyano da lasifika da janareto, su yi wasa har ƙarfe biyu na dare, sannan su kamo hanya nan take domin babu kuɗin masauki. A matsayina na ma'aikacin lafiya, wannan dawowar ta tsakar dare ita ce ta fi tayar mini da hankali.

Na taɓa karɓar wani matashi mai kalangu da aka kawo mana da asuba da karaya a cinya, kuɗin liƙin daren suna nan a aljihunsa, sun jiƙe da jini. Direbansu, wanda shi ne kuma mai haɗa musu wayoyin sauti, ya kwana biyu bai runtsa ba. Gyangyaɗin da ya ɗauke shi bai wuce na ƙiftawa kaɗan ba, amma motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, wato idan ido ya rufe na daƙiƙa huɗu an shafe mita 100 babu mai riƙe da sitiyari. Goro da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari suna ɓoye gajiya ne na ɗan lokaci, ba sa biyan bashin barci. Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiyoyi, idan ana jinga da masu biki, a sa wurin kwana cikin sharaɗi tun kafin a karɓi kuɗin kafin alƙalami, ko da zaure ne da tabarmi. A kuma sallami direba ya kwanta a lokacin da ake wasa, kada a ɗora masa wani aiki.

Abin da ya fi haɗari shi ne neman ƙarfi daga ƙwaya. Tiramadol da aka amince a yi amfani da shi a Najeriya mai miligiram 50 ne da 100, shi ma sai da takardar likita, amma wanda ke yawo a tashoshin mota yakan kai 225. Irin wannan yana haddasa jijjiga kamar ta farfaɗiya, yana rage numfashi, kuma jiki yana saurin sabawa da shi har mutum ya kasa riƙe makirufo sai ya sha. Maganin tari mai kodin kuwa, tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi. Duk wanda ya ga ya fara dogaro da ɗayansu, ya zo asibiti ya yi bayani, domin dainawa farat ɗaya ba tare da kulawar likita ba tana da wahala sosai, kuma ba mu da hurumin tona sirrin majinyaci.

Sai kunne, wanda shi ne jarin makaɗi. Ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti tana iya lahanta ji idan aka shafe awa takwas a cikinta, wadda ta kai 100 kuwa minti 15 ya isa, alhali 'yan amshi sukan kwana lasifika na bayan ƙeyarsu. Idan ka tashi daga wasa kunnenka yana ƙara kamar kukan gyare, ko kana jin maganar mutane dishi-dishi, gargaɗi ne, domin ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne ba sa sake tsirowa idan sun mutu. A juya fuskar lasifika nesa da makaɗa, a sayi abin toshe kunne na roba a kemis, auduga ba ta tare komai sosai.

Janareto kuma kada a kuskura a kunna shi cikin ɗaki ko zauren da ake kwana, ko don tsoron ɓarayi. Iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da launi ba ta da wari, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, mai barci kuwa ba ya farkawa.

A jakar tafiya a riƙa sa gidan sauro da gishirin haɗi na gudawa da ruwan sha mai tsabta. Mawaƙin da muryarsa ta dushe fiye da mako uku ya je a duba maƙogwaronsa. Idan kuma haɗari ya auku a hanya, lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122, kuma kada a jawo wanda ya bugu a wuya ko gadon baya da ƙarfi, a tallafe kansa a miƙe har taimako ya iso.