Waiwaye: daga ina aka samo al'adar hasashen gasar kwandon jami'o'in Amurka tun kaka ba ta fara ba?

Duk shekara haka abin yake, ana gama fainal ɗin gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka a farkon watan Afrilu, kafin ma 'yan wasa su koma makarantunsu sai ka ga tashoshin talbijin ESPN da CBS da sauransu sun fara sako jerin jami'o'in da suke ganin za su samu shiga gasar baɗi, har da lambar da za a ba kowacce. Watan Maris na gaba fa ake magana, kusan wata 11 kenan a gaba. Masu bibiyar wasan a nan wajenmu, waɗanda ke hana idonsu barci har ƙarfe biyu na dare don kallon fainal, da yawa suna ɗaukar wannan jeri kamar magana ce tabbatacciya, shi ya sa yana da kyau a san asalin abin.

Hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ta fara gasar ne a 1939 da jami'o'i 8 kacal, Oregon ta doke Ohio State ta ɗauki kofi. A lokacin ma gasar NIT da ake yi a New York, wadda ta girme ta da shekara ɗaya, ta fi ta suna. Ba wani abin hasashe sosai a wancan zamanin, saboda dokar a fili take, kowane rukuni na jami'o'i ba ya tura fiye da ƙungiya ɗaya. Ka ci rukuninka ka shiga, ka faɗi ka zauna a gida. An ƙara adadin zuwa 16 a 1951 amma dokar nan ta ci gaba.

Abin da ya girgiza tsarin shi ne wasan 1974 tsakanin NC State da Maryland a fainal ɗin rukunin ACC, aka tashi 103 da 100 bayan ƙarin lokaci, Maryland da kowa ya yarda tana cikin ƙungiyoyi mafi ƙarfi a ƙasar gaba ɗaya ta rasa gurbi saboda kawai rukuninsu ɗaya da wadda ta fi ta. Shekarar da ta biyo baya, 1975, aka faɗaɗa zuwa 32 kuma aka yarda rukuni ɗaya ya iya samun fiye da wakili ɗaya. Daga nan ne kwamitin NCAA ya samu ikon zaɓen wanda zai gayyata, kuma duk inda mutane suka zauna a ɗaki suna zaɓe, to dole a samu masu zato da masu gardama a waje. A 1979 aka fara ba ƙungiyoyi lamba gwargwadon ƙarfinsu, shekarar da Magic Johnson da Larry Bird suka haɗu a fainal, sannan a 1985 aka kai 64, jadawalin da ake iya bugawa a takarda ɗaya kowa ya cike da biro a ofis ko a gida. An kai 65 a 2001, sai 68 a 2011, inda aka fara wasanni huɗu na share fage a garin Dayton.

Shi kuma hasashen a matsayin sana'a, sunan da aka fi alaƙanta shi da shi shi ne Joe Lunardi, mutumin Philadelphia da ya daɗe yana aiki a jami'ar Saint Joseph's. A tsakiyar shekarun 1990 ya fara ƙoƙarin gano abin da kwamiti zai yi tun kafin ya yi, daga baya ESPN ta ɗauke shi, abin da ake kira bracketology, wato hasashen jadawalin gasar, ya zama shiri mai zaman kansa. Kuma a gaskiya idan ana saura kwana ɗaya ko biyu a sanar da jadawali aikin yana da tushe, saboda an riga an buga wasanni sama da 30, ga alƙaluman da kwamiti ke dubawa a fili, da can ma'aunin ƙarfin ƙungiyoyi da ake kira RPI ne tun daga 1981, sai aka maye shi da NET a 2018. Masu hasashe nagari kan rasa ƙungiya ɗaya ko biyu ne kawai a irin wannan lokaci.

Na watan Afrilu ne matsalar. Ko a da can da 'yan wasa ke zama shekara uku ko huɗu a makaranta ɗaya yana da wuya, balle yanzu. A 2018 aka buɗe rajistar sauya sheƙa ta intanet, a 2021 aka ba ɗan wasa damar komawa wata jami'a ya fara buga wasa nan take ba sai ya zauna shekara ɗaya a benci ba, kuma a watan Yuli na wannan shekarar aka halatta musu karɓar kuɗin talla da sunansu. A Yunin 2025 kotu ta amince da sulhu tsakanin NCAA da 'yan wasa, wanda ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga kowace makaranta a duka wasanninta. To yanzu mutum ya zauna a Afrilu ya ce ƙungiya kaza za ta samu lamba 3, alhali rabin yaran da zai gani a fili a Nuwamba ba su ma sa hannu ba, wasu suna jiran ƙarshen watan Mayu su yanke ko za su shiga NBA ko za su dawo, koci ma yana iya tashi.

Kakar 2022 zuwa 2023 ta isa misali. North Carolina ce aka ɗora a lamba ta ɗaya a ƙuri'ar AP ta 'yan jarida kafin a fara, saboda ta je fainal a kakar da ta gabata kuma yawancin taurarinta sun dawo, ƙarshenta ko gasar ba ta samu shiga ba, abin da bai taɓa faruwa da ta ɗaya ba tun da aka koma 64. UConn kuwa, wato jami'ar Connecticut, da ba ta cikin 25 na farko a wannan ƙuri'ar ita ta ɗauki kofi, kuma gwarzon wasannin ƙarshe shi ne Adama Sanogo ɗan Bamako a Mali, yana azumin Ramadan yake buga wasa. Wannan ya faranta wa da yawanmu rai, kamar yadda manyanmu ke tuna Hakeem Olajuwon ɗan Legas da aka ba wannan kyautar a 1983 duk da Houston ta faɗi a fainal.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda hasashen wuri ke karkata wajen masu kuɗi. Idan ba ka san 'yan wasa ba me za ka duba? Sunan makaranta da aljihunta. Jami'o'i sama da 360 ne a matakin farko, a 2025 guraben 31 na zakarun rukunai ne, sauran 37 kwamiti ke rabawa, kuma rukunin SEC shi kaɗai ya tura 14 a wannan shekarar, ba a taɓa ganin haka ba. Ƙananan makarantu idan suka raini yaro ya yi fice, manya su zo da kuɗi su ɗauke shi kafin kaka ta zagayo. A 2025 ɗin duka ƙungiyoyi huɗu masu lamba ta ɗaya (ɗaya a kowane sashe na jadawalin), Florida da Houston da Duke da Auburn, su ne suka kai matakin kusa da ƙarshe, karo na biyu kenan bayan 2008. Alhali abin da ya sa mutane suka so gasar nan shi ne irin ranar da jami'ar UMBC mai lamba 16 ta lallasa Virginia mai lamba ta ɗaya 74 da 54 a 2018, ko jami'ar VCU da ta taso daga wasan share fage har cikin huɗun ƙarshe a 2011.

Sai maganar ƙara guraben zuwa 72 ko 76 da aka yi ta yi a 2025, wadda ita ma ta shafi duk wani hasashe tunda adadin kujerun kansa aka yi jayayya a kai. Kuɗin talbijin ne a ƙarƙashinta, yarjejeniyar CBS da Turner ta 2010 dala biliyan 10.8 ce, aka sabunta ta a 2016 da wasu biliyan 8.8 har zuwa 2032. Ni dai tsorona shi ne ƙarin guraben su tafi ga ƙungiya ta 11 da ta 12 a manyan rukunai, makarantar da ta ci wasa 27 a ƙaramin rukuni ta yi tuntuɓe sau ɗaya a gasar rukuninta a Maris kuma a bar ta a gida.