Waiwaye: Shekara 200 ana ƙirga Kano, har yau birnin bai san adadinsa ba

Duk wanda ya taso a cikin ƙwaryar birni ya san rubutun allin nan da masu rigakafin shan-inna ke yi a jikin bango ko ƙyauren gida: kwanan wata, yara nawa aka tarar, nawa aka ɗiga wa. Damina ta wanke, su dawo su sake. Ina yawan tuna allin nan idan ana musu a kan yawan mutanen Kano, domin a ganina shi ne lissafin da ya taɓa shiga lungu da saƙo da gaske, ya tsaya a ƙofar talaka.

Ƙirga Kano tsohon zance ne. Baturen Birtaniya Clapperton da ya shigo a 1824 ya ƙiyasta mutanen birnin tsakanin 30,000 da 40,000. A 1851 Bajamushe Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya ce mazauna sun kai 30,000, amma lokacin da fatake suka sauka adadin kan ninka. Bai tsaya a kan kawunan mutane ba. Ya leƙa masaƙa da karofi, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai wuri miliyan 300. Ido ne da tambaya kawai, amma mutumin ya gane cewa sanin birni sai an haɗa da sanin abin da yake ci da shi.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, ƙirge ya koma na haraji da jangali. Mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, malamin haraji ya zuba a littafi. Shiga littafin nan kuwa biya ne, don haka magidanci kan rage yawan samarin gidansa, Bafulatani ya kora shanunsa daji kafin a iso. A nan aka shuka rashin yarda da mai riƙe da takarda da alƙalami, kuma har yau ana girbarsa. Lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979 talakawa sun yi murna, sun kuma cancanci murnar. Sai dai littafin da ake sabuntawa duk shekara ya tafi tare da harajin, ba a kawo wani a madadinsa ba.

Bayan 'yancin kai al'amarin ya juye. Yawan jama'a ya zama kujerun majalisa da kason arzikin ƙasa, sai kowa ya koma neman ƙari. An watsar da ƙidayar 1962. Ta 1963, mai mutum miliyan 55.7, an karɓe ta ne ana gunaguni. Ta 1973 kuwa Janar Murtala Muhammad, ɗan Kano, shi ya soke ta a 1975. A 1991 aka ba jihar Kano miliyan 5.8, Legas miliyan 5.7. A 2006 aka ce Kano miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, gwamnatin Legas ta ce ba ta yarda ba, nata lissafin ya ba ta miliyan 17.5. Aka yi ta cacar baki a jaridu.

Abin da ke damuna da wannan gardama shi ne ta shagaltar da mu. Jiha ake magana, mai ƙananan hukumomi 44, tun daga Doguwa har Ɗambatta. Birnin kuwa ya warwatsu ne a cikin takwas: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso. Mai son gina asibiti ko jan famfo ba ruwansa da wa ya fi wani tsakanin Kano da Legas. So yake ya san mutum nawa ne a Kurna, nawa a Ɗorayi, nawa suka tare a sababbin unguwannin da a 2006 gonaki ne. Tun daga waccan shekara ba a sake ƙidaya ba. Wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta ana saura kwanaki, don haka duk adadin da ka ji an ambata yau hasashe ne da aka ɗora a kan tsohon tubali.

Ta fuskar tattalin arziki ma haka take. A 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sabunta ma'auninta, girman arzikin Najeriya ya tashi zuwa kusan dala biliyan 510, saboda tsohon ma'aunin na 1990 bai san da harkar waya da fina-finai ba. A 2023 ta sake sauya ma'anar rashin aikin yi, adadin ya sauko daga kashi 33.3 cikin 100 zuwa 4.1, domin wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako yanzu ma'aikaci ne. Ɗan garuwa da mai tallan ruwan leda duk sun shiga sahu. Dukiyar da ke juyawa a kasuwannin Kantin Kwari, da Singa, da Dawanau kuwa, yawancinta a hannu take da baki da amana, ba ta bi ta takardar da hukuma ke gani.

Watan Afrilun 2020 ne ya tona asirin wannan giɓi. Manya suka yi ta rasuwa a Kano, kowace unguwa ana zaman makoki, amma babu rajistar mace-mace da za a duba a gane ko abin ya wuce ƙima. Masu haƙa kabari a maƙabartu irin ta Ɗandolo su suka fara faɗa wa 'yan jarida cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Sai da aka bi gida-gida ana tambayar iyalai yadda mamacinsu ya yi jinya. A watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an samu mutuwa 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na da alaƙa da korona. Birni mai miliyoyin mutane ya dogara da ƙwaƙwalwar mai diga da shebur.

Duk da haka an samu ci gaba, kuma ta hanyar shan-innar nan ya zo. Da aka ga taswirorin hannu na tsallake wasu ƙauyuka da unguwanni, sai aka koma ga hotunan tauraron ɗan'adam, aka ba ma'aikatan wayoyin da ke nuna inda suka taka. Wannan aiki ya share fage ga shirin GRID3, wanda ke saka taswirar matsugunai da asibitoci da makarantu a intanet kyauta. Ga dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ga kuma shirin Bankin Duniya na 2018 da ya sa jihohi wallafa kasafin kuɗinsu.

Yau ɗalibi a Jami'ar Bayero na iya zama da wayarsa ya sauke kasafin jiha, ya ɗora taswirar asibitoci a kan ta unguwanni, ya ga inda aka bari a baya. Idan ya nemi farashin masara kuwa, rahoton wata-wata na hukuma zai ba shi adadi ɗaya ne na jihar baki ɗaya. Bambancin kwano tsakanin Dawanau da 'Yankura sai ya hau adaidaita sahu ya je ya tambaya da bakinsa.