Abin da ke toshe sirinjin kwalliyar kek, da maganinsa

Me ya sa aisin, wato kwaɓin sukarin da ake yi wa kek kwalliya da shi, ke maƙalewa a bakin sirinji alhali na kwaɓa shi da kyau?

Galibi laifin sukarin aisin ne. Garinsa na da laushi sosai, yana kuma zuƙar laima, ga Legas da danshi, musamman daga Afrilu zuwa Yuli. Ledar da aka buɗe aka ajiye a kicin a Agege ko Idi-Araba, kafin mako ya zagayo ta yi gudaji. Gudaji ɗaya mai girman ƙwayar gero ya isa ya toshe siririn baki mai lamba 1 ko 2. Ki tankaɗe sukarin sau biyu da rariya mai laushi, ko da sabuwar leda ce, ragowar kuma ki juye a roba mai murfi. Garin cakulan ma a tankaɗe shi. Kala ta gari a fara narkar da ita da ɗigon ruwa.

Aisin na bota fa?

Matsalarsa bota mai sanyi. In kika ciro ta daga firij kika buga nan take, ƙananan dunƙule za su rage, su ne ke tsayawa a baki. A bar ta ta yi laushi har yatsa ya shiga ba wahala, amma kada ta narke. Ki buga ta ita kaɗai kamar minti 5, sannan ki riƙa zuba sukari kaɗan-kaɗan. In ya yi kauri, ƙara madara cokalin shayi ɗaya, ki sake bugawa.

Aisin mai farin ƙwai yana fita da farko, sai ya ɗauke. Mene ne dalili?

Bushewa yake yi a bakin. Wannan aisin, wanda ake haɗa farin ƙwai ɗaya da sukari wajen giram 225, iska na taɓa shi sai ya fara tauri, fanka da na'urar sanyaya ɗaki kuma suna ƙara masa sauri. Duk sanda kika ajiye sirinji, ko na minti biyu ne, ki cusa bakin cikin tsumma mai laima, kwanon ma ki rufe shi da wani. Don rubutu siriri, ki tace aisin ɗin ta sabuwar safar nailan mai tsabta.

Idan ya riga ya toshe?

Kada ki danna da ƙarfi. Baki zai iya fizgewa, aisin ya watsu a kan kek ɗin biki. Ki soka tsinken sakace ko allura daga waje ki motsa, ki gwada a faranti. In ya sake tsayawa, gudajin na ciki: ki kwance bakin, ki wanke da ruwan ɗumi, ki busar.

Akwai abin da bai dace da sirinji ba sam?

Kwakwa, dakakkiyar gyaɗa da ɓawon lemo. Waɗannan a barbaɗa su a sama da hannu. Narkakken cakulan kuwa yana daskarewa a bakin ƙarfe, gara a zuba shi a leda a yanke kusurwa.